Darasi na Bakwai: Sa Yaro a Makarantar Firamare

A watan Satumba ake buɗe sabuwar shekarar karatu. Wanda ya bari sai ranar da aka koma sannan ya ja hannun ɗansa zuwa makaranta, sau da yawa yakan tarar aji ɗaya ya cika. A unguwannin Zariya masu jama'a, irin su Tudun Wada, Gyallesu da Sabon Gari, yara sukan fi kujeru yawa. Saboda haka tun wajen watan Yuli, kafin a tafi dogon hutu, ka leƙa ofishin hedimasta ka tambayi ranar da za a fara ɗaukar sababbin ɗalibai. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.

Da shekara shida yaro ke shiga aji ɗaya. Dattawa a cikinmu suna tuna lokacin da akan ce wa yaro ya ɗora hannu bisa kansa ya taɓo kunne, in ya taɓo to ya isa shiga. Yanzu takarda ake tambaya. Babbar takarda ita ce shaidar haihuwa, wadda Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ke bayarwa. In ba ka da ita, je sakatariyar ƙaramar hukumarku, ta Zariya ko ta Sabon Gari, ka tambayi inda ma'aikacin rajistar haihuwa ke zama. Wasu makarantun sukan nemi katin rigakafi da ƙananan hotuna. Yaron da ya fara karatu a wani gari kuma, a karɓo masa takardar canjin makaranta da sakamakonsa na ƙarshe.

A nan karatun da muke koya a wannan aji na manya zai yi mana rana. Idan malami ya buɗe rajista zai rubuta sunan ɗanka, kada ka tsaya daga nesa. Matso ka duba. Sunan da ke kan takardar haihuwa shi za a rubuta, harafi da harafi. In takarda ta ce Aishatu, kada a rubuta A'isha. In ta ce Muhammad, kada ya koma Mamman don haka ake kiransa a gida. Haka sunan mahaifi, haka ranar haihuwa. Ƙaramin kuskure ne a ido, amma zai bi yaro har sakandare, har ranar da zai cika fom na babbar jarrabawa, sai ka ga uba yana zirga-zirga kotu neman takardar rantsuwa a kan abin da minti biyu zai gyara tun farko. Abin yana yi mini ciwo, domin yawanci ba sakaci ba ne, kunyar tambaya ce.

Game da kuɗi, dokar ilimin bai-ɗaya ta shekarar 2004 ta ce karatun shekara tara na farko kyauta ne a makarantun gwamnati, wato shida na firamare da uku na ƙaramar sakandare. Dokar ta kuma wajabta wa iyaye su kai 'ya'yansu, mace da namiji. In an ce ka kawo wani kuɗi, tambaya cikin ladabi: na mene ne, kuma za a ba ni rasit? Makarantun kuɗi nasu tsarin daban ne. Sukan sayar da fom, wasu har su yi wa yaro gwaji.

To, in aka ce babu gurbi fa? Ga yadda wata uwa ta yi:

"Ranka ya daɗe, na kawo yarinya a sa ta aji ɗaya."

"Ai kuwa Hajiya kin makara, ajin ya cika."

"To Malam, don Allah a rubuta ta cikin masu jira. Ga lambar wayar babanta. Ita ce ta nawa a layi?"

"Ta biyar ce."

"Yaushe zan dawo in ji?"

"Ki zo ran Litinin ta sama."

Ba ta yi faɗa ba, ba ta kuma koma gida ta zauna ba. A makonnin farko gurbi yakan samu, domin wasu da aka rubuta ba sa zuwa, wasu kuma iyayensu sun tashi daga unguwar. Wanda ake yawan ganin fuskarsa shi ake tunawa. In an ɗauki lokaci shiru, ka gaya wa kwamitin kula da makarantar, wanda iyaye da dattawan unguwa ke ciki, ko ka je wurin Sakataren Ilimi na ƙaramar hukuma. Shi ya san makarantar da ke da sauran wuri kusa da ku. Gara yaro ya fara a can da ya yi shekara guda a gida yana jira. Yaron da ya wuce shekara shida ma, ko ya kai tara, a kai shi. Malamai za su duba ajin da ya dace da shi.

Aiki: Ku zo da takardar haihuwar ɗa ko jika a darasi na gaba. Kowa zai kwafi cikakken sunan yaron da ranar haihuwarsa sau uku a littafinsa, sannan ya rubuta lambar wayarsa a ƙasa ba tare da ya duba waya ba.