Ku tsinko tafasa yanzu, ku shanya don rani

'Yan uwa, kafin tafasa ta yi fure ku tsinko ku ajiye. Kyauta take, ba mai shuka ta.

Dangin wake ce, shi ya sa take fid da kwanso siriri dogo. Da ruwa ya zauna a Yuni za ku gan ta a fegin da ba a gina ba, da gefen gonaki wajen Rigachikun ko Mando a Kaduna. Inda shanu suka taɓa kwana kuwa, nan ta fi yin kyau.

Saman kawai za ki tsinka, mai taushi. Da furen rawaya ya fito ganyen ya tsufa, ko kin zuba kanwa sai ya yi miki gardama.

Ki baza a tabarma cikin inuwa. Rana tana cinye korensa.

Kada ki haɗa ta da rai-ɗore. Ganyen tafasa bakinsa a zagaye yake, shida-shida. Na rai-ɗore tsini gare shi, ga wari.

Ban da tafasar bakin kwata da ta gonar da aka yi wa feshi.

A Agusta kuma kada ki tara da yawa. Ni bara rabin buhu ya yi mini fumfuna, kwaɗon da na ƙwallafa rai a kai ko ɗanɗanawa ban yi ba.