Kurakuran da ake yi wajen sabunta na'urorin sanyaya tsofaffin ofisoshi a Katsina

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, sannan kuɗin wutar masu rukunin Band A, wato waɗanda aka fi ba wuta a kullum, ya tashi a watan Afrilun 2024, shugabannin ofisoshi a Katsina suka fara lissafin abin da iyakwandishan ke ci a kowane wata. Da yawa sun yanke shawarar sauya na'urori, sai dai kuskuren da ya fi kowanne tsada shi ne sayen sabuwar na'ura kafin a gyara ginin da za ta sanyaya.

Duk wanda ya shiga ɗaya daga cikin ofisoshin da aka gina bayan ƙirƙiro jihar a 1987, da ƙarfe biyu na rana a tsakiyar bazara, zai ji zafin kwano yana saukowa ta silin, ya kuma ga tagogin luba waɗanda gilasansu suka karye aka toshe da kwali. A irin wannan ɗaki, sanyin da aka biya kuɗi aka samar yana fita ta taga da ƙarƙashin ƙofa, na'urar kuwa ba ta hutawa. Gyaran shi ne a fara shimfiɗa abin tare zafi tsakanin kwano da silin, a shafa wa rufin farin fenti, a toshe kafofin iska, a kuma yi wa tagogin yamma rumfa ko a dasa darbejiya a gabansu. Magabatanmu sun san wannan sirri, domin tsohon ginin Kwalejin Katsina da kaurin bangonsa na ƙasa yake kare kansa daga rana. Idan silin ɗin na asbestos ne, kada a bar leburori su farfasa shi, saboda ƙurarsa tana illata huhu.

Sai bayan haka ake auna ɗaki a zaɓi na'ura. Wasu suna ganin babba ita ce mafi alheri, alhali na'urar da ta fi ƙarfin ɗaki tana yawan kunnuwa da mutuwa, wanda ke gajiyar da kwamfiresa, wato injin da ke matsa gas ɗin sanyi a cikinta. Na'ura mai inbata (inverter) ta fi dacewa da ofishin da ake wuni a ciki, tunda tana rage gudu ne maimakon tsayawa cak, kuma ba ta girgiza janareta ko batirin sola a lokacin tashi. Kada kuma a ruɗu da arhar na'urorin gwanjo masu gas ɗin R22, domin ana kan janye shi daga kasuwa a ƙarƙashin yarjejeniyar Montreal, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla don kare sararin samaniya daga gas masu illa.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake jona sababbin na'urori a kan tsofaffin wayoyi sirara ba tare da an kira ƙwararren mai gyaran wuta ya duba ba, wanda hanya ce ta gobara. Haka kuma ana kafa injin waje a bangon yamma inda rana ke dukansa, maimakon wuri mai inuwa da iska.

Da hunturu ƙura takan toshe matatar na'ura cikin ɗan lokaci, don haka a riƙa cire ta ana wankewa duk mako biyu. A saita na'urar a digiri 24 tare da fanka, a daina barin ta a 16.