Inci ko milimita: wane awo za ka zana allon lantarki da shi?

Ga 'yan'uwa masu sana'ar lantarki a Jidda da Makka da suka fara zana allonsu (allon da ake liƙa ƙananan kayan lantarki a kai) da manhajar KiCad suna aika wa masana'antun Sin: ka sa aikinka a milimita, amma kowane kaya ka bar shi a kan awon da aka ƙera shi da shi.

Girman allo da ramukan noti duk milimita ne, domin a nan Saudiyya da shi ake awo. Notin M3, wato mai kaurin milimita 3, ramin milimita 3.2 yake so, kaurin allo kuwa 1.6 ne aka saba.

Inci ɗaya milimita 25.4 ne daidai, mil kuwa kashi ɗaya cikin dubu ne na inci, wato milimita 0.0254. Kayan da ake soka ƙafafunsu a rami, irin su DIP, wato cif mai layin ƙafafu biyu, tazarar ƙafafunsu mil 100 ce, wato 2.54. SOIC, cif ɗin da ake liƙa ƙafafunsa a saman allo, mil 50 ne, wato 1.27. Waɗannan ba su da wahala, domin juya mil zuwa milimita ba ya barin saura.

Juya milimita zuwa mil ne ke ɓata allo. LQFP, cif mai ƙafafu a gefe huɗu, mai ƙafa 100 tazararsa milimita 0.5 ce, wanda a mil ya zama 19.685. Mai gaggawa sai ya rubuta 20. Bambancin milimita 0.008 ne a kowace ƙafa, ido ba ya ganinsa. To amma kowane gefe ƙafa 25 ne, tsakani 24, kuskuren ya taru ya kai 0.192. Filin da ke tsakanin wuraren dalma kuwa wajen 0.2 ne kawai. Idan ƙafar farko ta zauna daidai, ta ƙarshe ta kusa taɓa wurin maƙwabciyarta, dalma na narkewa sai ta haɗe su. Haka soket ɗin JST XH: 2.5 ne, ba 2.54 ba. Idan ka zana ramukansa da 2.54, mai ƙafa biyu zai shiga, mai goma sai an lanƙwasa.

Saboda haka buɗe takardar bayanan kayan, ka kwafi lambar yadda take, kada ka datse ko ɗigo. A KiCad, Ctrl+U ke sauya awo.

Wajen sayen rizisto da kafasito ma a kula da lambar girmansu. 0603 na inci tsawonsa milimita 1.6, faɗinsa 0.8. 0603 na milimita kuwa 0.6 ne da 0.3, abin da a inci ake kira 0201, kuma liƙa shi da hannu azaba ce. Ka tambayi mai shago wanne yake nufi, ko ka auna.

Kafin aikawa, fitar da fayilolin Gerber (na zanen allo da masana'anta ke karantawa) da na huda ramuka a awo ɗaya. Buɗe na huda ka ga an rubuta METRIC a samansa, na Gerber kuma %MOMM*%. Sannan ka buga zanen a takarda daidai girmansa, ka ɗora kayan a kai ka duba ko kowace ƙafa ta hau wurinta.