In filogi ɗaya ne kawai ya yi baƙi, kar ka yi saurin sayen kaya

Salamu alaikum 'yan uwa fitoci da masu motocin shiga daji. Satin da ya wuce wani Alhaji daga Aboabo ya kawo mana Land Cruiser ɗinshi shago nan Suame Magazin a Kumasi, 'yar Amurka ce ta 1997 mai injin 1FZ-FE, silinda 6, da ita yake shiga ƙauyukan bayan Obuasi. Mota na karkarwa a silo, wato tana tsaye injin na aiki, salansa na warin ɗanyen fetur, mai kuma yana tafiya kamar an huda tanki. Kafin ya zo wajenmu an riga an sa shi ya sayi sansa guda biyu, ya zuba sidi masu yawa amma ciwo na nan, wallahi abin ya min zafi don ko filogi ba a kwance mishi ba.

Toh daga nan ake farawa. Ka kwance filogi duka ka jera su kan kwali daga 1 zuwa 6, kar ka bari yaran shago su haɗa maka su. A na Alhaji guda biyar sun yi fari-fari, na 4 kuma baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Ka shafa da yatsa, in baƙin busasshe ne kamar garin gawayi to fetur ne ya yi yawa, in kuma yana da danƙo yana maiƙo wannan baƙin mai ne ke haurowa ta ringi ko sil ɗin bawul, magana ta canza.

Injin fetur yana son iska kashi 14.7 a kan mai kashi 1 a nauyi. Sansan iska da na zafin ruwa duka silinda suke yi wa aiki, in sune suka lalace duk filogin zasu yi baƙi tare, ba guda ɗaya ba. Shi kuma sansan da ke jikin salansa hayaƙin duka yake shaƙa a haɗe, sai ya gaya wa kwanturol bod, wato kwamfutar injin, mai ya yi yawa, ita kuma ta rage wa kowa, shi yasa sauran biyar ɗin suka yi fari alhali lafiyarsu lau. In ka sa sikana, na'urar karanta kod ɗin ciwon mota, zaka iya ganin P0172 da P0304, na farkon yana cewa mai ya yi yawa, na biyun silinda ta 4 bata ƙonawa daidai, amma babu wanda ya ce maka ga kayan da zaka saya.

Fara da wuta don ita ce mai sauƙi. Wuta in ta yi rauni mai baya ƙonewa, filogi ya yi baƙi kamar injekta, mai fesa wa silinda fetur, ce ke da laifi. Ka sa sabon filogi, ka duba wayarshi da kan distiributa, in motar mai kwayil a kan kowane filogi ce ka musanya kwayil ɗin da na maƙwabciya ka ga ko ciwon zai bi shi. Sai ka auna kamfireshan, in ta 4 ta gaza sauran da fiye da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari to ka nemi bawul da ya ƙone.

Sannan injekta. Ɗora dogon sukudireba a jikinta ka kara kunne a mariƙin, zaka ji tik tik tik iri ɗaya da 'yan uwanta in tana lafiya. Mita ya kamata ya nuna maka wajen om 12 zuwa 16 a irin waɗannan. Amma fa injekta tana iya cin duk wannan gwajin kuma tana yoyo, don datti ya maƙale a bakin allurarta ta kasa rufewa, masu shan man galan a ƙauye sun fi kowa gamuwa da wannan. Sa geji a layin mai, zaka ga matsin mai wajen bar 3, kashe mota ka zauna ka zuba mishi ido, in yana sauka da sauri akwai inda mai ke zurarewa. Mu ɗaga layin muka yi da injektocin a ɗaure a jiki, muka shimfiɗa farar takarda a ƙasa muka kunna famfon mai, kafin minti ɗaya ta 4 ta jiƙa takardar, sauran ko ɗigo. Dan Allah kafin ka kwance layi ka zare fis ɗin famfo ka bar mota ta mutu da kanta, kuma ka duba babu mai walda ko kurfoti (murhun gawayi) kusa da kai, kun san yadda shagunanmu suke a matse.

In bata yoyo ka bi wayarta. Wuta tana zaune a injekta muddin makulli na buɗe, kwanturol bod ce ke ba ta at, wato negetif, tana ɗaukewa, to in ɓera ya ci wayar ko ta goge a jikin ƙarfe sai injekta ta zauna a buɗe tana ta zuba, wannan har silinda yana iya cikawa da mai ya lanƙwasa kwanrod. Ka kuma zare ɗan siririn tiyon da ke kan regileta mai daidaita matsin mai ka shinshina, in akwai fetur a ciki robarta ta fashe, kuma silindar da ta fi kusa da bakin tiyon ita ke shanye shi.

Wajen sayen injekta homyus, wato wadda aka yi amfani da ita a waje, ka tafi da tsohuwar a hannu ka haɗa lamba da lamba, don akwai masu kama ɗaya amma ɗaya ta fi ɗaya feshi. Sa sabon oring ka ɗan shafa mishi mai kafin ka tura. Sai ka zaro difstik ka shinshina, na Alhaji fetur zalla yake wari kuma ya wuce layi, dole muka juye baƙin mai da filta, don fetur ɗin da ya wanke jikin silinda can ƙasa yake sauka ya tsinka mai ya ci metal, wato bearin ɗin injin. Muka goge kod, muka zaga da ita har Ofinso muka dawo, da na sake kwance filogi na 4 ya fito ruwan ƙasa iri ɗaya da sauran.