Ruwa a ƙirji: yadda za ka gane ko tarin fuka ne

Ƙannena da ke fara aiki a wad ko lab, kuskuren da na fi gani shi ne a zuƙo ruwa daga ƙirjin mutum a kai GeneXpert, wato na'urar da ke neman ƙwayar tarin fuka, sakamako ya fito babu komai, shi ke nan sai a ce ai ba tibi (tarin fuka) ba ne, a rubuta masa amoksil a sallame shi. Bayan wata biyu sai ya dawo ya rame kamar kara.

Abin da ya sa haka, ruwan nan da ke taruwa tsakanin tantani biyu masu lulluɓe da huhu yawanci faɗan garkuwar jiki ne ya haifar da shi, ƙwayoyin cutar da ke ciki 'yan kaɗan ne. Shi ya sa in ka shafa a gilas ka yi rinin ZN, wato rinin da ke bayyana ƙwayar tibi, ko mutum ɗaya cikin 10 da kyar ka ga ƙwayar a madubin lab, kuma GeneXpert ɗin ma da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2010, a irin wannan ruwa yakan kuskure rabin masu cutar ko fiye, sabon samfurinsa Ultra da ya zo a 2017 ya ɗan fi amma bai kawar da matsalar ba. In GeneXpert ya ce akwai, to akwai, ga shi cikin awa biyu ya faɗa maka ko maganin tibi rifamfisin zai ci. In ya ce babu, bai ce komai ba tukuna.

To ya za ka yi? Mutum ya zo da zazzaɓi, busasshen tari, zufar dare, gefe ɗaya na sukarsa in ya ja numfashi, hoton ƙirji ya nuna ƙasan gefen ya yi fari fat. Zaunar da shi ya rungumi filo a kan tebur, in akwai sikanin a duba inda ruwan yake, allura kuma ta bi ta saman haƙarƙari don jijiyoyi ƙarƙashinsa suke bi. Mil 50 zuwa 60 ya isa gwaji, in kuma rage masa za ka yi don ya samu numfashi kar ka wuce lita 1.5 a zama ɗaya. Kalli ruwan da idonka kafin ka tura, na tibi yawanci ruwan ɗorawa ne garau kamar fitsari, in ya jima a kwalba har wata yana yake yi kamar saƙar gizo. In mugunya ce ta fito wannan wata maganar ce.

A ranar ka ɗebi jini ma, don ƙa'idar Light ta 1972, wadda ke bambance ruwan kumburi da wanda ba na kumburi ba, sai da shi, furotin ɗin ruwan in ya wuce rabin na jini, ko sinadarin LDH ɗinsa ya wuce 0.6 na na jini, to ruwan kumburi ne, ba na ciwon zuciya ko ƙoda ba. Sai ƙirgen ƙwayoyin halitta, a na tibi limfosait, wani nau'in fararen ƙwayoyin jini, ne ke rinjaye, sai dai in an zuƙa a 'yan kwanakin farko.

Gwajin da ni na fi ji da shi ADA ne, wani sinadari da ake aunawa a ruwan, ga arha ga sauƙi, sai dai ba kowane lab ke yi ba, abin haushi. Ya haura 40 ga limfosait sun yi yawa ga matashi a inda tibi ya yi katutu kamar ƙasarmu, ai kusan magana ta ƙare, amma ka tuna mugunya da kansar limfoma da ciwon gaɓoɓi na rumatoyid su ma suna ɗaga shi. In kuma ya yi ƙasa sosai, fara tunanin wani abu daban, musamman kansa ga dattijo.

Kar ka manta da kaki. Ko da hoton bai nuna komai a huhun ba, a shaƙa masa tururin ruwan gishiri ya kako, sau da yawa a nan ake kama ƙwayar. A tura ruwan a shuka shi ma, wato a raini ƙwayar a lab har ta tsiro, a na'urar MGIT kamar sati biyu zuwa uku, a daskararren abincin shuka na LJ har sati 8 ana jira, kuma gwajin kanjamau dole ne ga kowa.

In duk an yi ba a samu bakin zaren ba, sai a yanko ɗan tantanin ƙirjin da allurar Abrams, wadda aka yi don wannan aikin, nan ne aka fi dacewa, kusan 8 cikin 10. Don Allah a raba shi biyu, na duba nama a fomalin, wato ruwan adana nama, na shukawa da na GeneXpert a ruwan gishiri. Na taɓa karɓar duka a fomalin, ƙwayoyin sun mutu murus, sai da aka sake kiran bawan Allah aka sake sokarsa. In hujjoji sun haɗu, a tura mara lafiyar cibiyar DOTS, inda ake ba da maganin tibi, ya fara maganin wata 6, kyauta ne, ba sai an jira shuka ta fito ba.