Yadda za ku nemo katun ɗin Sally ku sake kallonsa ku da yaranku

Mu da muka taso a Tudun Wadan Kaduna wajen shekarun 2000 ba kowane gida ne ke da dish ba, a layinmu gidan wata Hajiya ce kaɗai, to can muke cika ranar Alhamis da Juma'a da babu Islamiyya, mu zube a kan leda a falonta mu kusan goma sha, rimot yana hannun babbar 'yarta ba mai taɓawa. Tashar Spacetoon ake kamo mana ta Larabawa, wadda ta raba shirye-shiryenta duniya-duniya, akwai ta wasanni akwai ta ban dariya, ta 'yan mata kuma sunanta Zumurruda. A nan na san Sally. Larabcinmu bai wuce na Islamiyya ba, mu tsinci "abi" mu tsinci "shukran" shi kenan, amma wallahi ranar da aka ce mahaifinta ya rasu har yayanmu namiji da ke cewa katun ɗin mata ne sai da ya fita waje yana goge ido.

Bara na zauna na nemo shi tun daga farko har ƙarshe, yanzu kuma ina sake kallo da yarana. Mutane da dama sun tambaye ni yadda na yi, shi ya sa na ce bari in rubuta.

Abu na farko ku san sunansa na gaskiya, don nan ne mutane ke ɓata. Sally sunan da Larabawa suka sa mata ne a fassararsu. Asalin shirin na Japan ne, kamfanin Nippon Animation ya yi shi a 1985, aka nuna a tashar Fuji duk ranar Lahadi da yamma daga Janairu zuwa Disamba na shekarar, kashi 46 ne cif. A Japan sunansa Shokojo Seira, da Turanci Princess Sara, da Faransanci Princesse Sarah. Labarin kuma daga littafin Frances Hodgson Burnett aka ɗauko shi, A Little Princess na 1905, shi ya sa duk da 'yan Japan ne suka zana za ku ga komai a Landan yake faruwa, da keken doki da hazo da gidaje masu bututun hayaƙi. Ku rubuta sunayen nan a takarda ko a waya, kowanne ƙofa ce daban.

In kuma ba Sally ba ce taku, wani ne kuke tunawa sama-sama, ga ɗan taimako. Yarinyar da ke kan dutse da kakanta da awaki Heidi ce, 1974, kashi 52. Yaron da ya baro Jenowa ta Italiya da ɗan birinsa ya tafi Ajantina neman mahaifiyarsa Marco ne, 1976. Yaran da ake sayarwa su je Milan sharar bututun hayaƙi kuma shi ne Romeo na 1995, wanda Larabawa suka kira Ahdul Asdiƙa. In duk ba su ba ne ku kira yayarku ko wata ƙawar ƙuruciya ku bayyana mata abin da kuke tunawa, kalar riga, dabbar da ke ciki, ko ku rera mata waƙar farko ko da da "la la la" ne. Ni yayata da ke aure a Zariya ita ta tuna min da sunan 'yar tsanar Sally, Emily, bayan ni na manta sam.

Sai neman shi. Ku buɗe YouTube ku fara da sunan da kuka san shi da shi. In muryar Larabcin nan kuke so, wadda ita ce ke dawo wa mutum da ƙamshin falon da ya zauna, to kada ku rubuta da boko, ku ƙara harshen Larabci a kibod ɗin wayarku ku rubuta سالي sai ku bi shi da الحلقة 1, wato kashi na ɗaya. Sakamakon da zai fito ya sha bamban da na boko nesa ba kusa ba. In kuna son ku fahimci kowace magana sai ku nemi na Japananci mai rubutun Turanci a ƙasa, waɗanda suka yi karatu a Nijar ko suke jin Faransanci kuma nasu ma yana nan da sunan da na faɗa a sama. Ku fifita tashar da ke da alamar tantancewa ko ta masu shirin da kansu in kun samu, hotonsu ya fi kyau kuma ba a wayi gari an goge su ba.

Kafin ku fara ku ƙirga. Wannan na koye shi ne bayan na sha wahala, na yi nisa har kashi ashirin da wani abu sai na tarar wanda ya ɗora ya tsallake guda uku, labari ya yanke min a tsakiya. Ku duba jerin ya kai 46, kuma kowane kashi ya kai minti ashirin da 'yan kai. In kun ga na minti goma an gutsure shi ne. Akwai kuma finafinan mutane na gaske da aka yi a kan littafin, suna fitowa a bincike, ba su ba ne.

Maganar data kuwa kada ta tsorata ku. Gaba ɗaya shirin wajen awa 18 ne, amma ba dole sai da hoto mai nauyi ba. Zanen hannu ne, a kan fallen roba mai haske ake zana shi a shafa fenti a ɗauki hoto ɗaya bayan ɗaya, kuma don tsohuwar talabijin mai ƙusurwa huɗu aka yi shi, saboda haka 360p ko 480p ya ishe ku, ni ban ga wani abin da na rasa ba. Ku sayi datar dare ku sauke kashi biyar-biyar a cikin manhajar, ko in kun je inda ake da wayifai ku yi amfani da damar. Masu tura finafinai a waya da ke kasuwanninmu ma wani lokaci ana dacewa, amma ku tafi da memori daban wanda babu hotunanku a ciki, kuma ku sa a buɗe muku kashi na farko da na ƙarshe a gabanku kafin ku biya. In za ku haɗa da talabijin za ku ga baƙi a gefe da gefe, ku bar shi haka don Allah, kada ku ja hoton ya cika allo, fuskar Sally faɗi take yi ta koma wata daban.

To yanzu ga inda na fi so ku saurare ni. Kada ku tara yara tun ranar farko. Ku fara kallon kashi biyu ko uku ku kaɗai, da dare bayan kowa ya kwanta, saboda abin da zai taso muku ba katun ba ne kawai. Ni waƙar farko tana tashi na tuna Hajiyar nan da ta rasu shekarun baya, yadda take miƙo mana gyaɗa a faranti tana cewa ku matsa baya kada idonku ya lalace, na tuna ƙawayen da muka zauna tare wasu sun bar Kaduna wasu ban ma san inda suke ba. Na yi kuka sosai kuma na ji daɗin da ba yaro a kusa da zai tambaye ni Mama me ya faru.

Kuma za ku ga labarin ya canza muku. Da muna yara abin da muka gani shi ne 'yar mai kuɗi da aka kawo daga Indiya makarantar kwana a Landan, tana da ɗakinta da keken dokinta, sai ranar bikin zagayowar haihuwarta labari ya zo mahaifinta ya rasu kuma dukiyar da ya zuba a haƙar lu'ulu'u ta tafi, shugabar makarantar Mis Minchin ta kwashe kayanta ta mayar da ita 'yar aiki a ɗakin saman rufi mai sanyi da ɓeraye. Mun tsani Minchin, mun tsani Lavinia mai tsokanarta, iyakar fahimtarmu kenan. Yanzu da na girma Becky na fi kallo, 'yar aikin da ke makarantar. Ita ba ta taɓa zama 'yar gata ba ballantana a ce ta faɗo, tun farko a wahalar take kuma babu wanda ya ga abin a matsayin zalunci, har mu masu kallo. Ban iya kallonta ba tare da na tuna yaran da ake kawowa aikatau daga ƙauye gidajenmu na Kaduna ba, masu tashi kafin kowa su kwanta bayan kowa, a ci a rage musu. A gidanmu ma an yi su, kuma ban tuna na taɓa tambayar ɗaya daga cikinsu ko tana kewar innarta ba. Wannan ya tsaya min a rai kwana da kwanaki.

Idan kun shirya sai ku kira yaran. Ku sa lokaci ɗaya, mu bayan sallar Isha ne in an gama aikin makaranta, kashi ɗaya a dare, ranar Juma'a biyu. Kada ku bari su zuƙe shi a kwana uku, an yi shi ne don a jira mako guda tsakanin kashi da kashi, jiran nan yana cikin daɗinsa. Ku caja wayar ko kwamfutar tun da rana saboda ɗauke wuta. Ku kuma yi haƙuri da su a farko, yaran yanzu sun saba da katun mai gudu da ihu, wannan kuwa a hankali yake tafiya, ana iya ɗaukar lokaci ana nuna yarinya tana hawa bene da bokitin gawayi. Kashi goman farko na jin daɗi ne, nawa sun yi ta mutsu-mutsu, amma daga ranar bikin nan babu wanda ya sake tambayar wayata don yin gem.

Ku zama ku ne masu fassara. Ba sai kun juya kowace kalma ba, ku tsayar a inda ya dace ku faɗa musu da Hausa abin da aka ce, irin yadda kakanninmu ke ba da tatsuniya, har da sauya murya in kuna iyawa. Akwai inda ba ya buƙatar fassara ma, kamar ranar da Sally ta tsinci kuɗi a hanya tana jin yunwa ta sayi burodi sai ta ga wata yarinya mai bara da ta fi ta yunwa ta miƙa mata mafi yawansa. A wurin nan shiru na yi. Babbar 'yata mai shekara tara ce ta juyo ta ce, "Mama ai ita ma ba ta ci komai ba." Na ce eh, ba ta ci ba. Ban ƙara komai a kai ba, kuma ina ba ku shawara ku ma kada ku mayar da shi wa'azi, yaro in ya ji an fara yi masa darasi sai ya janye.

Ku lura da ƙananan, 'yan ƙasa da shekara shida. Akwai duka da horon yunwa da rashin lafiya a ciki, autana sai da ya yi mafarki ya farka yana kuka, daga nan nake kwantar da shi kafin mu kunna. Sannan al'adar cikin ta Turawan Ingila ce ta ƙarshen ƙarni na 19, za a ga bikin Kirsimeti da makamantansu, in yaro ya tambaya sai a yi masa bayani kai tsaye, ai a Kaduna muke, makwabtanmu ma suna yi.

Kada ku faɗa musu ƙarshen ko sun roƙe ku. Nawa kullum sai sun tambaya wai waye mutumin nan mara lafiya da ya tare a gidan da ke jikin makarantar shi da hadiminsa ɗan Indiya mai biri, ni kuma in ce su bari su gani. Yanzu muna kashi na 33, yayata ta ce in an yi hutu za ta turo nata yaran daga Zariya, don haka na ce a dakata da biyar ɗin ƙarshe sai sun iso mu kalla tare.