Hattara da katin ATM da layin waya

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wannan jan hankali ne, musamman ga iyayenmu mata da dattawa masu aiken yara da kati.

In za ku cire kuɗi wurin mai POS, a Babbar Kasuwa ne ko Ƙofar Ƙaura, kada ku miƙa kati ku juya kuna hira. Ku duba adadin da ya danna, sannan ku sa lambar sirri da kanku, kuna kare ta da ɗaya hannun. Yawancinsu masu amana ne, amma akwai ɓata-garin da ke haddace lambobi 3 na bayan kati. In ya haɗa da na gaba, yana iya yin sayayya a intanet. Ni dai na liƙe nawa da 'yar takarda. In an dawo da kati, ku duba sosai, don ana musanyawa.

Sai masu kira: "Hajiya, daga banki ne, za a rufe asusunki yau." Ku kashe wayar kawai. Banki ba ya tambayar lambar sirri ko OTP, wato lambar da ake turo muku ta saƙon waya don tabbatar da ciniki.

Inda muka fi sakaci shi ne layin waya. Ɓarawo ya fizge waya, layin yake nema, don ta nan yake shiga asusu. Ku sa wa layin lambar sirri. Ku kuma rubuta lambar rufe asusu a gida: Access *901*911#, Zenith *966*911#. Ko da wayar maƙwabci ana iya dannawa, tun kafin a isa banki.